TSOHON COCIN AMSTADAM: ABIN DA MUKA TAKA DA ABIN DA MUKA GANI

Tun da muka dawo daga ƙasar Holan a shekarar 2023, duk inda muka zauna, a tasha ne ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, ba a rasa mai tambayarmu: wai da gaske ne kun shiga coci? To, gaskiya ne, mun shiga. Kuma tun da labarin ya fara yawo guntu-guntu, kowa na ƙara masa nasa gishirin, muka ga gara mu rubuta shi a nan gaba ɗaya, tare da tarihin wurin kamar yadda muka ji a can, muka kuma ƙara bincikawa bayan mun dawo.

Mu huɗu ne muka tafi, cikin watan Fabrairu, neman kan tirela DAF na hannu, irin waɗanda ke yi mana dakon goro da shanu tsakanin Kudu da Arewa. Ai a ƙasar ake ƙera su. Mai masaukinmu a birnin Amstadam mutumin zangon Kumasi ne, ya daɗe a unguwar Bijlmer inda mutanen Gana suka yi yawa. Wata rana muna zaman jiran takardun mota, sanyi ya hana mu sakat, sai ya ce, "Alhazai, ku tashi in kai ku ku ga aikin wani yaronmu ɗan Tamale." Da muka ji a cikin coci aikin yake, sai babbanmu, wanda ya ba saba'in baya, ya ce, "Haba ɗan nan, mun zo neman halal, ka rasa inda za ka kai mu sai coci?" Ya ce, "Baba, ba ibada za mu je ba. Ran Lahadi suke ibadarsu, sauran ranaku gidan tarihi ne, da tikiti ake shiga." Muka ɗan tattauna. Wani cikinmu ya tuna mana abin da aka karantar da mu a Islamiyya, cewa da aka buɗe Baitul Muƙaddas an zaga da Sayyidina Umar cikin cocin garin, da lokacin salla ya yi ne ya fita waje ya yi. Baba ya ce to, a je, amma kafin azahar a fito.

Sunan wurin da harshensu Oude Kerk, wato Tsohon Coci, kuma shi ne gini mafi tsufa da ke tsaye a birnin. Daga babbar tashar jirgin ƙasa bai fi tafiyar minti goma a ƙafa ba. Sai dai unguwar da yake ciki, Allah Ya kyauta, ita ce unguwar mata masu zaman kansu, tagoginsu na kallon bangon cocin. Muka sadda kai ƙasa muka wuce da sauri.

Asalin Amstadam ƙauyen masunta ne a cikin fadama, a bakin wani kogi da ake kira Amstel. A cikin ƙarni na 13 suka yi wa kogin madatsa, daga nan garin ya samo suna. A nan masuntan suka kafa ɗan ɗakin ibada na katako, daga baya aka mai da shi na dutse, kuma a shekarar 1306 babban limamin Kirista na birnin Utrecht ya zo ya keɓe shi. Don mai karatu ya gane nisan abin, wannan ya zo daidai da wajen shekara ta 706 bayan Hijira, saura shekara 18 Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa da ya shahara, kuma Wangarawa ba su riga sun iso Kano ba. Suka sa wa cocin sunan wani waliyyinsu, Nikolas, wanda a aƙidarsu shi ke kula da matuƙa jirgin ruwa da fatake. Bai zama "tsoho" ba sai a farkon ƙarni na 15, da gari ya bunƙasa aka gina wani sabo a kusa da madatsar. Gobara biyu manya ta cinye yawancin garin, a 1421 da 1452, amma wannan gini ya tsira. Shi ya sa har yau rufinsa na katako na nan, wasu allunan tun na wajen 1390, kuma an ce babu rufin katako na wancan zamani da ya kai shi girma a duk Turai. Idan ka ɗaga kai sai ka ga kamar an kife maka babban jirgin ruwa.

Abin da ya fara jan hankalinmu, mu 'yan kasuwa, shi ne ginin nan da kuɗin fatauci aka yi shi, kuma ba a rana ɗaya ba. Kusan shekara 300 ana ƙara shi. Duk lokacin da ciniki ya yi albarka sai a rushe bango a faɗaɗa. Kowace ƙungiyar sana'a da nata ɗaki a gefe, wanda ita ta biya kuɗinsa: na maƙera, na matuƙan da ke yawo a kogunan cikin ƙasa, na masu shiga teku. Har da ɗakin fataken Hambog ta Jamus, domin tun 1323 aka mai da Amstadam wurin karɓar harajin giyar da ake kawowa daga Hambog, ciniki ya ƙullu tsakanin garuruwan biyu. Ban da giya akwai kifi, da hatsi da katako daga ƙasashen gabas. Da muka tsaya a wannan ɗaki na mutanen Hambog sai wani cikinmu ya ce, ashe su ma sun yi zango.

Kuma a da ba wurin ibada kawai ba ne. Mutanen garin na kiransa falon Amstadam. Masunta kan shigo su gyara komarsu, 'yan koli su baza kaya, marasa galihu su kwana. Kafin a buɗe gidan hada-hadar 'yan kasuwa a 1611, idan ruwa ya hana tsayuwa a waje, har cikin cocin manyan attajirai kan shigo su ƙarasa cinikinsu. A ƙarƙashin kujerun limamai akwai sassaƙen katako na ƙarni na 15, yawancinsu karin magana ne aka mayar hoto. Ɗaya ya ba mu dariya ƙwarai: mutum ne a tsugune, sulalla na zubowa daga bayansa. Ma'anarsa dai abin nan da kowane maigida ke faɗa idan buƙata ta yi yawa, wai kuɗin kashinsu nake yi? Akwai kuma wata jar ƙofa da masu niyyar aure kan shiga a rubuta sunayensu, a samanta an yi rubutun gargaɗi ga mai gaggawar aure cewa nadamarsa doguwa ce.

Amma wurin da ya fi tsaya mana a rai wani ɗan ɗaki ne da ke can sama a jikin bango, sai da tsani ake hawansa, mai ƙofar ƙarfe. A nan hukumar gari ta riƙa ajiye muhimman takardunta a cikin akwati, har zuwa 1892 da aka mai da su gidan ajiyar takardun birni. A cikinsu akwai takardar shekarar 1275, wadda mai mulkin yankin, Floris na Biyar, ya ba mazauna bakin madatsar, ya yafe musu harajin hanya a ƙasarsa. Ita ce takarda mafi tsufa da ta ambaci sunan garin, kuma daga ita suke ƙirga shekarunsa, shi ya sa suka yi bikin cika 750 a 2025. Takarda ɗaya, an riƙe ta shekara ɗari bakwai da hamsin! Mu kuwa takardar filin makabarta ko ta rumfunan kasuwa da sarakunan gari suka ba kakanninmu, sau nawa dattijon da ke riƙe da ita ya rasu aka neme ta a ƙarƙashin katifa aka rasa, sai ranar da aka shiga kotu a fara neman wanda ya taɓa ganinta? Mu bar wannan a nan.

Cocin na 'yan Katolika ne tun farko, cike da gumaka da hotuna da wuraren hadaya sama da 30. A 1566 aka yi wani tashin hankali a duk ƙasar, mabiya sabuwar ɗariƙar Furotesta suka riƙa afka wa majami'u suna farfasa gumaka, suna cewa bautar gunki ce, kuma wannan coci bai tsira ba. A lokacin ƙasar na ƙarƙashin Sarkin Sifen, wanda ɗan Katolika ne, kuma ba da daɗewa ba yaƙin neman 'yanci ya ɓarke, wanda aka shekara 80 ana yi. Amstadam ta daɗe tana bayan Sarkin Sifen, har ciniki ya fara gudunta. A watan Mayu na 1578 aka tattara shugabannin gari 'yan Katolika da limamansu, aka zuba su a jiragen ruwa aka fitar da su bayan gari, ba tare da an zubar da jini ba. Daga ranar coci ya koma hannun 'yan Furotesta. Aka kwashe sauran gumaka, aka shafe hotunan rufi da fenti, aka kori 'yan koli da masu kwana. 'Yan Katolika kuwa sai suka koma ibada a ɓoye cikin gidaje, hukuma na sane ta kau da kai. Akwai irin wannan ɓoyayyen coci a saman benen wani attajiri, taku kaɗan daga nan, an gina shi wajen 1663, yanzu shi ma gidan tarihi ne. Wannan ne dalilin da ya sa idan ka shiga Tsohon Coci za ka gan shi fayau, ba gunki, sai ginshiƙai da manyan tagogi da wata ƙatuwar na'urar kiɗa mai bututu ta ƙarni na 18. Baba ya duba hagu ya duba dama ya ce, "To, wannan da sauƙi."

Sauƙin bai daɗe ba. Muna cikin tafiya sai mai masaukinmu ya ce mu dubi ƙasa. Jama'a, duk daɓen cocin nan, daga ƙofa har ƙurya, duwatsun kabari ne, guda 2,500, jere ba tazara. A ƙarƙashin kowane dutse kuma ba mutum ɗaya ba ne, an jera su wani kan wani, dubbai ne a ciki. Sai a 1865 aka daina binnewa. Mu da malamanmu suka hana mu taka kabari ko zama a kansa, ga mu tsaye a kan na wani, kuma ba inda za ka sa ƙafa ka tsira. Baba ya yi ta ƙoƙarin bin tsagar da ke tsakanin duwatsu kamar mai tsallake kwata, daga baya ya haƙura yana ta istigfari.

Kabarin nan ma haja ne. Mai hali ya saya wa iyalinsa na dindindin, a sassaƙa tambarin gidansu a kai. Mai ƙaramin ƙarfi ya yi haya, in wa'adi ya cika a kwashe ƙasusuwan a sa wani. An nuna mana na Saskia, matar Rembrandt, shahararren mai zanen ƙasar, wadda ta rasu a 1642 tana da shekara 29. Mijin ya samu kuɗi ƙwarai a zamaninsa, ya sayi babban gida da bashi, ya yi ta sayen kayan ƙawa, har ya karye a 1656 aka yi gwanjon kayansa. A 1662 talauci ya kai shi ga sayar da kabarin matar tasa. Shi kansa da ya mutu a 1669, a kabarin haya aka sa shi a wani coci dabam. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kasuwa ya karye ya san yadda abin ke bi daki-daki, amma sayar da kabarin mata, wannan kam ba mu taɓa ji ba.

Yawancin manyan duwatsun na mutanen ƙarni na 17 ne, lokacin da Amstadam ta zama kasuwar duniya. Bayan da Sifaniyawa suka ci birnin Antwerp a 1585, attajiransa da masu sana'arsa suka yi ƙaura zuwa nan da jarinsu. Garin da bai fi mutum 30,000 ba a wajen 1570 ya kai kusan 200,000 cikin shekara ɗari, akasari baƙi. A 1602 suka kafa kamfanin fataucin Gabas mai kawo kayan yaji daga tsibiran Indunusiya, a 1621 kuma suka kafa na Yamma, wanda aka ba Afirka da Amurka. Ɗaya daga cikin shugabannin wannan na biyun, Kiliaen van Rensselaer, dillalin lu'ulu'u, yana kwance a cikin cocin. Ku riƙe sunan kamfanin Yamma, za mu komo kansa.

To yaya aka yi wurin ibada ya zama wurin baje fasaha? Ginin a kan taɓo yake, ya yi ta nutsewa, har a 1951 aka rufe shi don tsoron kada ya rufta. A 1955 aka danƙa shi ga wata gidauniya, aka shekara 24 ana gyara, aka sake buɗewa a 1979. A gyaran ne aka kankare fenti, tsofaffin hotunan rufi suka sake bayyana, har da na jiragen ruwa. Amma kafin nan masu zuwa coci a Holan sun ragu ƙwarai, 'yan tsirarun da ke zuwa ran Lahadi ba za su iya riƙe gini irin wannan ba. Daga 2012 sai masu kula da shi suka ɗauki tsarin gayyato masu fasahar zamani daga ƙasashe dabam-dabam, kowa ya zo ya yi aikin da ya dace da wurin, a bar shi 'yan watanni a kwashe. A 2015 wani ɗan Japan ya kafa dandali a kan rufin, mutane suka riƙa hawa suna kallon gari. A 2018 wani ɗan Italiya ya rufe dukkan tagogin da jar leda, cikin coci ya koma ja wur, don tunawa da abin da aka farfasa a 1566. Ba kowa ya so ba. Da aka sa jan gilashi na dindindin a wata taga, masu kare kayan tarihi suka ce an wuce gona da iri, har magana ta kai kotu. Mu dai a namu ganin suna da hujja, domin abin da aka ce na wucin gadi ne bai kamata ya zauna ba.

Wanda muka tarar da aikinsa shi ne Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987. Da aka ba mu labarin abin da ya fara yin suna da shi sai muka kalli juna, domin buhun algarara ne. Buhunan nan a Asiya ake saƙa su, a kawo Gana a zuba koko, daga nan su faɗo hannun 'yan kasuwa a yi ta zuba masara da shinkafa, ƙarshensu gawayi. Shi sai ya bi kasuwanni yana karɓar tsofaffin, masu faci da sunayen masu kaya a jiki, a ɗinke su ya lulluɓe manyan gine-gine da su, kamar yadda ya yi a birnin Banis na Italiya a 2015. Abin da muke jefarwa a bayan rumfa! Da kuɗin da ya samu ya koma Tamale ya gina wuraren koyar da yara, har da tsofaffin jiragen sama da ya saya ya mayar azuzuwa.

A Tsohon Coci ba buhu ya kawo ba. Aikin ya sa masa suna da ke nufin Lambun Tabo, an buɗe shi a Nuwamba 2022, aka rufe a Maris 2023. Duwatsu ne sama da 800 ya baza a cikin cocin, kamar allunan kabari da suka karye, kana bi ta tsakaninsu. Yadda ya yi su shi ne ya ɗauki shatin daɓen cocin, da rubutunsa da tsagarsa da inda ƙafa ta cinye, ya kuma je gidajen kurkukun bayi da ke bakin tekun Gana, musamman Elmina, ya ɗauki shatin nasu, sa'an nan ya haɗa. Da farko mun ce wannan ai ɓaraguzai ne kawai. Sai da aka yi mana bayanin Elmina jikinmu ya yi sanyi.

Mutanen Fotugal ne suka gina Elmina a 1482, lokacin Muhammadu Rumfa na sarautar Kano. A 1637 kamfanin Yamma na Holan ya ƙwace ta, ta zama hedikwatarsu a gaɓar, ba su bar ta ba sai 1872 da suka miƙa wa Ingila. A ƙasan ginin ake tsare mutane cikin duhu har jirgi ya zo, a sama kuwa ga gidan gwamna da ɗakin ibadarsu. An ƙiyasta jiragen Holan sun ketare da 'yan Afirka kimanin 600,000 zuwa Brazil da Suriname da tsibiran Karibiyan. Hukumar birnin Amstadam da kanta ta mallaki kashi ɗaya cikin uku na kamfanin da ke mulkin Suriname tun daga 1683. Ba su soke bauta a can ba sai 1 ga Yuli 1863, shekara biyu kacal kafin a daina binne mutane a cocin nan. Magajiyar garin Amstadam ta nemi gafara a 2021, Firayim Minista ya nema a Disamba 2022 ana tsakiyar nuna aikin Mahama, Sarkinsu kuma a Yuli 2023.

Ke nan yaron nan daɓe biyu ya haɗa. Ɗaya na waɗanda suka ci riba, kowa da sunansa da ranar mutuwarsa da tambarin gidansu. Ɗaya na waɗanda aka sayar, ba suna ko ɗaya, sai abin da jikinsu ya goge a dutse.

Muna cikin Allah wadai da Turawa sai mai masaukinmu ya ce, "Alhazai, ku yi haƙuri, amma waɗanda aka kai Elmina ba daga sama suka faɗo ba." Ya ambaci Salaga. Duk wanda kakansa ya yi fataucin Gwanja ya san sunan nan. Ita ce kasuwar da ayarin Hausawa ke zuwa da jakuna tun daga Kano da Katsina, watanni a hanya, su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro daga hannun Asantawa. Amma a ƙarni na 18 da na 19 Salaga babbar kasuwar bayi ce kuma, kuma cikin abin da ayari ke kaiwa har da mutane. Da yawa daga mutanen arewacin Gana da aka kama, ta hannun Asantawa suka gangara bakin teku. Ko bayan da Turawa suka haramta fataucin teku, tsakanin 1831 da 1872 Holan ta ɗebi kimanin mutum 3,000 ta Elmina ta kai su aikin soja Indunusiya, da yawansu bayi ne 'yan arewa da aka samo a Kumasi. Yaƙin basasar da ya watsa Salaga a 1892 shi ne ya ƙara cika zangunan Kumasi da Ankara da Karaci da 'yan'uwanmu. Mai masaukinmu ya ce kakansa daga can ya fito, kuma har ya mutu bai taɓa faɗa musu ko mai saye ne shi ko wanda aka saya ba. Muka yi shiru. Baba, wanda tun tasowarsa goro yake sayarwa kamar ubansa da kakansa, ya daɗe a tsugune yana shafa ɗaya daga cikin duwatsun, har wata ma'aikaciyar wurin ta matso ta ga ko lafiya.

Da muka fito azahar ta yi. Mai masaukinmu ya sa mu a jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Masallacin Fatih na Turkawa, a kan titin Rozengracht. Muna cire takalma ya ce mu ɗaga kai mu dubi hasumiyoyin da kyau. Ashe shi ma cocin Katolika ne da aka gina a 1929, masu zuwa suka ƙare aka rufe shi a 1971, aka yi kantin kaya a ciki na ɗan lokaci, sa'an nan Musulmi suka saye shi ya zama masallaci a 1981. A nan muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, Baba ya ja mu. Kwana uku bayan haka takardun motocinmu suka fito.